Hatimin Kwata

Tungar Gawo, ranar Laraba

Zuwa ga yayata Aisata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya mutanen Gaya, yaya ƙafar Inna da yara? Mu nan lafiya lau, sai dai abin da na gani ya hana ni cin nama.

Kin san aikina a meri, ofishin magajin gari: in duba abin da aka yanka a kwata, in ya yi kyau in buga masa hatimi, sannan ya shiga kasuwa. Ranar kasuwar da ta wuce na tarar da saniya a rataye, naman ya yi baƙi, jini ya daskare a ciki, wari ko ƙuda sai ya yi tunani. Mushe ce, Yaya, a hanya ta mutu. Ga kuma hatimina shuɗi a cinyarta! Ashe in na ajiye shi a ofis, Seyni, sakataren meri kuma shugabana, yake ara wa mahauta da asuba.

Na rubuta rapor, wato takardar ƙara, zuwa ga manyanmu a Doso. Amma a aikinmu takarda ba ta tsallake shugabanka, dole ta bi ta hannunsa. Wato ni da ƙafata na kai wa Seyni ƙarar Seyni. Ya karanta a gabana yana sakace haƙori, har ya gyara mini rubutu.

Washegari aka karɓe hatimin, aka mayar da ni turken da ake tsare dabbobin da suka yi ɓarna a gona. Yanzu jakuna nake kwashe wa kashi. Abokan da muke shan shayi tare kuwa, in sun hango ni sai su yi kamar suna amsa waya. Tir! Amma an ce akwai komisiyo, wato kwamitin hukuma mai kare ma'aikacin da ya tona ɓarna, kuma za su zo. Ki taya ni addu'a, don da wannan aikin nake ciyar da matata Latifa da yara.

Ƙanenki,
Zakari

Tungar Gawo, ranar Lahadi

Yaya Aisata,

Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya, Inna kuma ta samu sauƙi.

Komisiyon ya zo, mutane masu manyan riguna da turare. Sun saurare ni da kyau, shugabansu har ya dafa kafaɗata. Da suka gama shawara, suka ce don kare lafiyata daga wuƙar mahauta gara in ci gaba da zama wajen jakunan. Kariyar ke nan.

Sai aka shimfiɗa tabarma, aka kawo babban faranti na balangu, kyautar sarkin pawa. Seyni da kansa ya kira ni in sa hannu tare da baƙi, wai alamar an shirya. Na dubi naman, na san hannun da ya buga masa hatimi. Na ce na ƙoshi. Kin san mutanenmu, ƙin cin abinci da baƙo zagi ne. Su kuma suka ci gaba da taunawa, maiƙo yana bin gemu.

Kafin la'asar an rubuta cewa na wulakanta hukuma a gaban jama'a. An dakatar da ni, babu ranar komawa. Wallahi ba korar ce ta fi ci mini rai ba, ƙyama ce. Mutum ya zo bincike a kan mushe ya tashi yana lasar yatsa!

Da za su tafi, shugaban ya sa aka ƙunshe masa sauran naman a takardar siminti, wai tsarabar 'ya'yansa. Yaran ba su yi mini komai ba, Yaya. Na bi bayan motarsu da gudu ina ihu kada ya ba su. Ya leƙo ta taga yana murmushi, ya ɗaga mini hannu. Ya ɗauka bankwana nake yi masa.

Ki gaishe da Inna, kada ki faɗa mata tukuna.

Naki har kullum,
Zakari Yalwa