Feshin Ruwa a Gidan Inna

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara da maigidan, Allah ya ƙara masa sauƙin ƙafar nan. Mu nan lafiya lau. Inna ma ta samu sauƙi, kuma maganar sauƙin nata ce ta sa na ɗauki biro, don in ban faɗa wa wani ba cikina zai fashe.

Kin san shekara goma sha biyar ke nan ina sana'ar feshin ƙwari, kuma duk farkon wata nake goya tankina in feshe gidan Inna tun daga ɗakin girki har bayan gida. Abin da nake iya yi mata ke nan, da shi take yabona a gaban baƙi. To, Autanmu ya je ya yi kwas na wata uku kan yaƙi da ƙwari, ya dawo da 'yar tocila yana cewa wai kyankyaso ya fi tsoron yunwa da ƙishirwa a kan magani. Yini biyu ya yi yana rarrafe a ɗakin girkin Inna. Ya liƙe tsagar bango da siminti, ya gyara famfon da ke ɗiga, ya toshe ramin ɓera, ya juye hatsi a robobi masu murfi. Magani kuwa ɗan ɗigo ya sa a bayan kabad, bai kai ƙwayar wake ba. Na yi dariya har da riƙe ciki.

Yaya, wata huɗu ke nan babu kyankyaso ko ɗaya. Kishi nake, ba zan ɓoye miki ba. Mai gidan burodin da nake yi wa aiki tun buɗewarsa ya koma wurin Auta, wannan na haɗiye. Amma in ji Inna tana gaya wa maƙwabta Auta ne ya raba ta da ƙwari, wannan ya tsaya mini a wuya. Ran nan har na faki ido na ja kabad ɗinta, ni da gemuna, ina fatan in ga ko guda ɗaya mai rai. Ƙura kawai na samu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne tarin nan nata da muka yi ta zaryar asibiti a kansa. Tun da na daina feshi a gidanta ya tsaya cak. Ba wanda ya ce mini uffan, Auta ma kawar da kai yake in an zo maganar, kuma shirun nasa ya fi mini zagi ciwo. Don Allah ki gaya mini gaskiya, ta taɓa ce miki maganin feshina ne ya jawo mata shi?

Makon jiya ta aiko in zo in feshe mata tsakar gida, wai ta ga tururuwa. Na duba lungu-lungu, babu wata tururuwa, ni take tausayi. Na wanke tankin sau uku, na cika shi da ruwan famfo zalla, na feshe ko'ina yadda na saba. Tana zaune a kujerarta, ko hanci ba ta toshe ba. Ta ce wannan sabon maganin nawa ya fi na da, ta sa mini albarka, ta ce in dawo farkon wata. Zan kuwa koma.

Ki gaida maigidan da takwarar Inna da 'yan biyu. Goggo da uwar yarana suna gaishe ki. Auta ma ya ce a gaishe ki, na dai isar.

Ƙaninki,
Mai Feshi