Sa Hannun Yaya Haladu

Makka, 21 Zulƙida 1396

Zuwa ga maigidana Malam Sama'ilu, Roni.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Uwa da yara. Ina ciwon ƙafarka? Mun sauka lafiya, na ga Ka'aba da idona, na yi kuka har ɗankwalina ya jiƙe.

Sai dai raina a ɓace yake, kuma da yayanka ne. Ka tuna a bankin Kano, ranar da aka mai da kuɗin shanuna takardun cak na guzuri, Yaya Haladu ya ce banki ba ya karɓar ajami, sai boko, don haka shi ejan ɗinmu zai sa hannu a madadinmu. Ashe 'yan canjin nan ba sa ba da riyal sai hannun da ya sa na farko ya sake sawa a gabansu. Kuɗina ne, a lalitata suke kwana, amma ba ni da ikon ko sisi sai ya ga dama. Duk cirewa yana zare ɗaya cikin goma, wai la'adar wahalarsa, ban da abin da ɗan canji ke yanka.

Jiya na ga wani tsoho ɗan Babura ya sa hannu da ajaminsa, aka ƙirga masa kuɗinsa cif. Nan na gane ƙarya aka shirga mana. Na faɗa wa Yaya a gaban mata cewa ba zan ƙara cire ko takarda ɗaya ba. Ya tuna mini ragon hadaya na nan tafe, kuma ba a sayensa da tsiwa.

A gaida kowa da kowa.
Taka, Dela.

Makka, 3 Zulhajji 1396

Malam, ina gaisuwa da ladabi, da fatan gida lafiya.

Takardarka ta iso ta hannun Halliru direba, da ya zo a jirgin ƙarshe. Ka ce in yi haƙuri, kada in kunyata gidanku a ƙasar mutane. Na karanta sau biyu, ta yi mini zafi. Ni ce ma mai kunyatarwar?

Kuka da daddawa da kuɓewar da ka yi mini dariya ranar da nake ɗaure su, su ne suka fitar da ni. Na ari tukunya wurin wata Batakariya, na fara tuƙa tuwo a bayan masaukinmu. Alhazanmu sun gaji da shinkafar Larabawa, layi suke yi tun hantsi. Adda Fatu ta Gwiwa ke kama mini kwasa, ita ma ta daina cirewa. Hayaƙi ya cinye mini ido, na rasa sallolin Harami da dama, wannan kuwa yana ci mini rai ƙwarai. Amma kuɗin rago sun kusa cika.

Ka shafa mini kan 'yarmu Saude.
Dela.

Makka, 15 Zulhajji 1396

Maigida, gaisuwa irin ta kullum. Barkanmu da Sallah.

Na hau Arfa, na yi jifa, an yanka ragona da gumina na tukunya. Alhamdu lillahi.

Shekaranjiya Yaya ya kira ni gefe. Ya ce zai sa mini hannu kyauta, in sayi tsarabata, in sa haƙorin Makka kamar kowace Hajiya, muddin na daina zuga matan. Wallahi sai da na hango Saude da zoben da na yi mata alkawari. Sannan na ce ya sa wa kowa, ya kuma mayar da abin da ya zare. Ya ƙi, ya ce in je in ci takardun.

To, ka shirya wa yara zuciya, ba tsaraba sai zamzam da dabino. Sauran takardun suna nan ban taɓa ba, mu mata bakwai ne, kuma daga filin jirgi gaban alƙalin Kazaure muka nufa. Na san ɗan uwanka ne, na san Uwa za ta yi fushi da ni. Ina son in ga fuskarka cikin masu tarye fiye da komai. In kuma kunya ta hana ka, kada ka aiko kowa, na san inda motar Roni take tsayawa.

Matarka,
Hajiya Dela.