Jan Biro

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya ƙafar? Ina fata kana shan maganin a kan lokaci, ba sai Inna ta yi ta bin ka da kofin ruwa ba. Mu nan lafiya lau, babansu yana hanya da motarsa, yara suna gaishe ka.

Na zaɓi takarda ne saboda a waya rabin maganata kake ji, wannan kuwa ina so ka ji ta duka. Na cire jikarka, wadda kake kira Me-ya-sa, daga makaranta. Na san ƙanena ya riga ya kai maka labarin da gishirinsa, to ga yadda abin yake.

Ranar Asabar ina wanke jakarta na tsinci jan biro guda biyu, ɗaya ya ƙare ƙaf. Yarinya 'yar shekara tara, me ya haɗa ta da jan biro? Sai da na matsa mata sannan ta faɗa. Tun farkon zango malamar ajinsu ta gano tana gama lissafi kafin a gama rubuta shi a allo, sai ta ajiye mata kujera kusa da teburinta. Littattafai arba'in da uku take dubawa kullum, har lokacin da sauran yara suke waje suna cin abinci, ita kuwa malamar tana baranda tana danna waya. 'Yan ajin sun daina wasa da ita. Ƙaramar Malama suke ce mata, wata ma ta mintsine ta don ta ba ta huɗu cikin goma.

Ranar Litinin na rufe shagon ɗinkina na je makarantar. Hedimasta ya ba ni kujera yana murmushi, wai in yi alfahari, girmamawa ce. Na ce, "Ranka ya daɗe, karatu na kawo ta ko aiki? Me kuka koya mata a zangon nan wanda ba da shi ta zo ba?" Ya dubi malama, malama ta dubi sama. Da na ce to a ƙara mata aji, sai ya ce ƙa'ida ta hana, shekarunta ba su kai ba. Wato sun kai ta yi aikin malama, amma ba su kai ta zauna a aji shida ba. Raina ya ɓaci. Na ajiye musu bironsu a tebur, na kama hannun 'yata muka fito.

Yanzu a shago take karatu. Na share mata ƙarshen teburin yanka, na sayo littattafan aji shida da na gaba da shi, na rubuta jadawali na manna a jikin madubi. Ba zan rasa abin da zan koya mata ba, ai 'yar malamin lissafi ce ni.

Ka gaishe min da Inna.

'Yarka ta fari.

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, na ji daɗi da Inna ta ce har masallaci kake takawa yanzu ba sanda. Allah ya ƙara sauƙi.

Takardarka ta iso, na karanta sau uku, kowane karo zuciyata tana ƙara tafasa. Ka gafarce ni, ban taɓa mayar maka da magana ba, amma yau sai ka yi haƙuri da ni. Ka ce na yi gaggawa. Ka ce duba littafin wasu yana koya wa yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa tawali'u. Sannan ka rufe da cewa ai ni ma haka na taso, kuma ban lalace ba.

Haka na taso, Baba, shi ya sa. Daga shekara goma zuwa sha huɗu, kowace yamma ina kan tabarma a ƙofar ɗakinka, tarin littattafan ɗalibanka a dama, jan bironka a hannu. Baƙi su shigo su ce, "Kai, 'yar malam ta gaji malam," kana dariya. Har sa hannunka na iya, ɗalibanka ba sa bambancewa. Amma duk ranar da na ɗago kai na tambaye ka wani abu da ba ya cikin littafin, amsarka ɗaya ce: "Bari sai kin gama dubawa." Littattafan nan kuwa ba sa ƙarewa, gobe ma wasu ne. A hankali na daina ɗago kai. Na gama sakandare da sakamako irin na kowa, ka ce wasa na sa a gaba, ni kuma na tafi koyon ɗinki. Ban raina ɗinki ba, shi ke riƙe da gidan nan idan babansu ya yi nisa. Amma kada ka ce min ban rasa komai ba.

Game da tsoron da kake yi cewa za ta koma baya, ka kwantar da hankalinka. Littafin aji shida sati biyar ya yi a hannunta. Yanzu idan wata ta kawo yadin ɗinki, kafin in ɗauko tef ta faɗa min yadda zan ninka shi ya fitar da riga da zani ba asara. Ita take zama da ƙannenta su yi aikin gida. Matar mai kemis ta roƙe ni yaranta biyu su riƙa zuwa da yamma, maƙwabciyarmu ma ta turo nata. Kowa yana yabawa. Wannan shi ne abin da makarantar ta kasa gani.

Ka gaishe da Inna, ka ce mata rigarta tana nan tafe.

'Yarka ta fari.

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Da fatan kai da Inna kuna lafiya. Mu jikinmu lafiya, amma ni kwana huɗu ke nan ina jin haushi, kuma wannan karon ba hedimasta ba ne, ba kai ba ne. Ni ce.

Ranar Laraba da la'asar ina kan keken ɗinki, matar mai kemis ta leƙo ta ce, "Ina Ƙaramar Malamar tamu?" Ƙafata ta tsaya cak. Na juya. Yara bakwai ne a kan benci, jikarka tana ƙarshen teburin yanka da littattafansu a gabanta. Biro ba ta da shi, tunda na rantse ba zai sake shiga jakarta ba. Da jan allin da nake zana yadi take dubawa. Ni ce ma na miƙa mata shi, ban ko lura ba.

Bayan sun watse ina kwashe ƙyallaye, sai na ga wani ƙaramin littafi a ƙarƙashi. Tambayoyin jikarka ne, ta jera su da lamba har talatin da takwas, kowace da kwanan wata. Lambobi suna da ƙarshe? Me ya sa ba a raba abu da sifili? A gaban kowace ta bar wurin amsa, kuma da yake yarinyar ba ta ƙarya, abin da aka ba ta shi ta rubuta. "Umma ta ce bari ta gama ɗinki." Na ƙirga, Baba. Sau talatin da ɗaya.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne tambaya ta ƙarshe sati uku ke nan da rubuta ta. Daga nan takarda fara fat. Yarinyar da kai da bakinka ka sa mata Me-ya-sa don ta hana ka shan shayi da tambaya, sati uku ba ta tambayi kowa komai ba, ni kuwa ina nan ina rubuta maka alfahari. Na tambaye ta dalili, ta ce, "Ai kina da aiki, Umma." Na je makaranta na yi musu tas, ashe teburin kawai na sauya mata.

Washegari na sallami yaran. Matar mai kemis ta yi fushi ta karɓe yadinta, wai na cika girman kai. Ta je da shi. Na zauna da littafin nan na gwada iyakar ƙoƙarina, shida na iya amsawa. Sauran sun fi ƙarfina, don inda aka tsaya da ni nan na tsaya.

Saboda haka ga littafin na sa a cikin ambulan ɗin nan. Shekara talatin kana koyar da 'ya'yan mutane, yanzu ka yi ritaya, ƙafa kuma ta yi sauƙi. Ƙanena zai ɗauko ka ranar Asabar, na gyara maka ɗakin baƙi. Roƙo nake yi, amma irin roƙon da ba na son jin a'a. Jan bironka da ba ya barin aljihun gaba, ka ba Inna ta ajiye.

Idan ka zo, ka fara da tambaya ta goma sha bakwai. Ta ɗauki tef ɗina ta auna bakin kofi, da faranti, da tayar keken ɗinki, ta ga kowanne kewayensa ya ninka faɗinsa sau uku da ɗan ɗoriya, tana son sanin me ya sa. Da wannan lissafin nake yanka wuyan riga kullum, kuma har yau ban san dalili ba. Ranar da za ka yi mata bayani zan rufe shago in jawo kujera. Na yi maka tambayar nan ina shekara goma sha ɗaya, ka ce in bari sai na gama dubawa. Na gama, Baba.

Ka gaishe da Inna. Allah ya kawo ka lafiya.

'Yarka ta fari.