Kwanon da Kika Bari a Tajaye

Zuwa ga aminiyata Rabi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa kina cikin rahamarsa. Na san babu mai kai miki wannan takarda, na san ba za ki karanta ta ba. Ko kina raye ma da wuya ki kai ƙarshenta, don ke ba ki da haƙurin dogon zance, layi biyu za ki ce Hajo, taƙaita. To yau babu mai katse ni, sai na faɗi abin da ke bakina duka.

Mutanen gida suna lafiya. Damina ta yi kyau ba laifi, an yanke gero, Ƙonni ta cika da amalanke ɗauke da damman hatsi. Innarki tana nan, ita ke riƙon yaranki, ƙafar ce dai ke damunta. Ɗiyarki Fati ta ɗauko tafiyarki sak, da sauri kamar wadda ta bar tukunya a wuta, in na hango ta daga nesa sai gabana ya faɗi. Abdu ya daina tambayar yaushe za ki dawo, kuma wallahi shirun nan ya fi tambayar ciwo. Babansu ya rame. Yana ta lodin albasa tsakanin Galmi da bakin iyaka, ina jin don kada ya zauna gida ne.

Amma ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba. Maganar 'yan matanki ce, 'yan ƙwallon hannu. Ki yi dariya in kina so. Ni Hajara, wadda ko guje wa ruwan sama ba na yi, yau ni ce ke kawo miki labarin ƙwallo.

An koma lakwal. Makarantarmu ta koyon aikin jinya tana nan yadda kika bar ta, ni ina buro, ofis ɗina, ina buga takardu, ɗakin kwanan 'yan mata da kike kula da shi an ba wata baiwar Allah. Ƙungiyar kuwa an kawo mata sabon mai horaswa, Malam Haruna, saurayi ne mai ladabi, kuma ya san aikinsa, 'yan matan da kansu sun shaida. Wasannin makarantu za su fara da an shiga sanyi, karawar farko a garin Tawa. Sai dai da ya tambayi su wa aka yarje wa tafiya daga gida, hannuwan da suka tashi ba su isa a cika fili ba. Ya hau babur ya bi gidaje, bawan Allah. Ko'ina a zaure aka tsayar da shi, aka ba shi ruwa, iyaye maza suka ce sai abin da Allah ya yi. Ke kin san ma'anar wannan. Darakta ya ce in ƙungiya ba ta cika ba zai janye sunanmu, filin da kika share da hannunki kuma a mayar da shi wurin ajiye babura. Ban ga laifinsa ba, fili ba ya zama haka nan.

Rakiya, kyaftin ɗinki mai bakin nan, ita ta jawo sauran suka cika mini buro. Ta ce ai ba a zaure ake tambaya ba, Malama Rabi cikin gida take shiga da kwano. Na ce kwanon na sani, tunda rabin kwanonin nawa ne. Kin tuna? Duk shekara in an koma lakwal sai ki soya dubulan, ki zo ki kwashe mini kwanoni, in na yi magana ki ce zumunci a ƙafa yake. Ni a zatona gaisuwa ce kawai. Rakiya ce ta warware mini. Ta ce kikan ajiye kwanon gaban uwar yarinya, ku yi hirar duniya, ba ki ko ambaci ƙwallo ba, ki tashi. In kwano ya dawo da wani abu a ciki, an yarda ke nan, kuma uwar ita za ta san yadda za ta yi da maigida. In ya dawo wankakke babu komai, an ƙi, ba wanda ya kalli idon wani ya ce a'a, gobe kuma a gaisa a kasuwa lafiya lau. Rabi, me ya hana ki gaya mini? Ko kin faɗa ne ina can ina toshe kunne don na ji an ce ƙwallo?

Ban ce musu zan yi ba. Na kore su na ce ina da aiki. Amma da na koma gida sai na tsinci kaina ina kwaɓa fulawa. Dubulan ɗina bai yi kyan naki ba, wasu sun karkace, wasu sun sha wuta, Fati ta ɗanɗana ta ajiye sauran a hankali irin na masu kunya. Haka na zuba su a kwanoni na fara yawo, ranar hutu bayan ranar hutu, ni da gwiwoyin nan nawa da kika sani.

Na shiga gidajen da ban taɓa shiga ba. Ko'ina da an ga kwano sai a fara hawaye kafin a amsa sallama. A Malbaza, uwar Rakiya ta riƙe hannuna ta nuna mini inda kike zama, gindin turmi, wai kin ƙi tabarma kin ce ke ba baƙuwa ba ce. A Badagishiri wata ta ce ke kika zauna da ɗiyarta a asibiti lokacin da ta gurɗe a ƙafa, kika kawo ta har ɗaki a goye. Yaushe kika yi duk wannan? Kullum muna tare, ashe rabinki kawai na sani.

Kwanoni suka fara dawowa. Na Galmi da albasa, na Malbaza da wake, na Badagishiri da busasshen tumatir. Na Illela ya zo da ƙwai a cikin dusa, ko ɗaya bai fashe ba. Na gidan su Zali ya dawo wankakke tas. An sa mata rana, dangin mijin ba sa so, ita ma ta ce ta haƙura. Na ji zafi, amma na tuna ka'idarki, na haɗu da uwarta wurin masu kayan miya muka gaisa kamar ba a yi ba.

Ɗaya ne bai dawo ba, cike ko wankakke. Na Tajaye, gidan su Safiya. Ke kin fi ni sanin cewa ba Safiya ba ƙungiya. Mutum bakwai ke shiga fili, shida ana iya lalubo madadinsu, amma mai tsaron gida ita kaɗai gare mu. Malam Haruna ya gwada wasu biyu a ragar, duk wadda aka jefo wa ƙwallo sai ta rufe ido ta kare fuska. Safiya kuwa tana zuwa horo kullum, tana tare ƙwallo kamar ba abin da ke damunta, in an tashi ta koma gefe ta yi tagumi. Uwarta ta rasu tun tana goye, ubanta yana cin rani shekara da shekaru, kakarta Inna Kulu ita ce uwa ita ce uba. Da farko ban kai kwanon da kaina ba, na ba Safiya ta tafi da shi, don hanyar ta yi mini nisa. Na tambaye ta me tsohuwa ta ce. Ta ce ta karɓa ta ɗora a kan jere, ta ci gaba da aikinta.

Sai na shirya na tafi. Mota ta sauke ni bakin kwalta, ɗan kabu-kabu ya ƙarasa da ni, ina riƙe da rigarsa ina salati, yana ce mini Hajiya ki saki jiki. Da kin gan ni da kin yi dariya har ki zauna ƙasa.

Na tarar da Inna Kulu tana sussuka a tsakar gida, 'yar tsohuwa ƙarama, idonta tar. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta dama fura, ta yi mini gaisuwarki kamar jiya aka yi rasuwar. Muka yi hirar damina da ta tsadar mai. Ina ta kiyaye ka'ida ban ambaci ƙwallo ba, ita ce ta ɗauko zancen. Ta ce ita tun farko ba ta mayar miki da kwano a farkon wasanni kamar sauran mata. Riƙe shi take yi, sai an gama kin kawo mata jikarta har gida, sannan ta cika shi ta miƙa miki hannu da hannu. Haka kuka yi shekarar farko, haka kuka yi ta biyu. Bara kuwa ciwo ya kwantar da ke ana saura wasan ƙarshe. Kika tafi, aka rufe lakwal, kowa ya watse da nasa kukan. Safiya ta shigo motar kasuwa ita kaɗai da jakarta, ta tsaya bakin ƙofa. Daga bakin yarinya tsohuwar ta ji mutuwarki. A cikinmu babu wanda ya san akwai wata a Tajaye da ke jira.

Ta dube ni ta ce, "Ni ba ni hwaɗa da mutuwa, ɗiyata. Amma wadda tad ɗauki ɗiya a ƙohwag ga, ita ka maido ta a ƙohwag ga."

Me zan ce? In ce zan iya abin da ke kika kasa? Ke da kike tsere da 'yan mata a fili kina barin su a baya, ke aka ɗauka, aka bar ni da hawan jini da jakar magani. Na ce mata kawai rai na Allah ne, amma in ina numfashi ni zan kawo ta.

Ta tashi ta shiga ɗaki, ta daɗe. Ta fito da kwano cike da sabon gero surfaffe, ta ɗora curin daddawa a kai. Rabi, da na ga murfin sai da na dafa ƙasa. Shuɗin kwanona ne, na cikin kayan aurena, mai ɗigon jan fenti a gindi da Innarmu ta sa don kada ya ɓace a gidan biki. Wanda na yi ta bin ki a kansa kamar zan kai ki gaban alƙali. Har a gadon asibiti na tsokane ki, na ce ba inda za ki sai kin fito mini da kwanona, kika yi murmushi da busasshen leɓe kika ce yana wurin aiki, zai dawo da kansa. Na ɗauka zafin ciwo ne ke sa ki sambatu.

Tsohuwa ta ajiye shi a gabana ta ce, "Wanga na Malama na, ki kai ma ɗiyanta. Naki ko shina nan, sai ranad da kinka kawo min Sahiya da ƙahwarki."

Ban gaya mata cewa nawa ne ba. Ai ya daɗe da zama naki. Na rungume shi a cinya tun daga Tajaye har Ƙonni, mutanen mota suna kallon wata ƙatuwar mata tana kuka a kan kwanon gero, ba wanda ya tambaye ni. Na kai wa Innarki, ta yi wa yara kunu da shi. Abdu ya sha ya nemi ƙari. Kwanon yana ɗakinki, na ce a bar wa Fati.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Duk tsiyar da nake miki, in ce uwar 'ya'ya guda tana tsalle da usur a baki, alfahari nake yi da ke. In kuka dawo daga wasa 'yan mata suna waƙa a mota, ina jin ku tun daga kwanar tasha, sai in fito bakin buro in yi kamar iska nake sha. Na so in faɗa miki, sai na ga ai muna da lokaci. Ina kewarki, Rabi. Kewar ba ta raguwa, sabawa kawai nake yi da ɗaukarta.

Ƙungiya ta cika. Darakta ya bar sunanmu, babura suna nan inda suke a bakin ƙofa. Malam Haruna ya ce a bana ba ya alkawarin kofi, don sababbin yaran ba su iya miƙa ƙwallo da hagu ba, amma tsaron gidanmu sai an yi da gaske. Ni dai ban san hagu ban san dama ba. An ba ni kujerarki ta bayan direba, Rakiya ta ce aikina in riƙe ruwa da mayafai in kuma daina cewa a yi a hankali. Safiya ta soma dariya a fili. Jiya ƙwallo ta same ta a ciki, ta tashi ta kaɗe riga ta ce a sake.

Yanzu ina shan maganina a kan lokaci, na rage gishiri, har zagaya filin nake yi da yamma, 'yan mata suna yi mini tafi don shaƙiyanci. Ba don ina tsoron mutuwa fiye da da ba ne. Kwanona yana kan jeren wata tsohuwa a Tajaye, kuma na ga yadda gidan nan yake in mai kwano ba ta zo ba. Allah ya ara mini rai in kai mata jikarta har ƙofa in karɓo abina.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka makwancinki, ya raya abin da kika bari. Na yafe miki kwanonin duka, har waɗanda ban gano inda kika kai su ba.

Taki har mu tarar da ku,
Hajo