Ranar da Baffanka Ya Katse Ɗan Takara

Kilomita Biyar, Bangui

Zuwa ga angona Zayyad,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyalinka a can Abuja. Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare maka muryar nan da kake cin abinci da ita. Mu nan kalau muke, sai gwiwata da ke yi mini tsiya idan hadari ya haɗu. 'Yar'uwarka Sharifa ta sauka lafiya, an samu mace, sunanta Ummuhani, kuma tun yanzu ta fi ka kyau. Littafinka na zaɓe ya iso. Kaurinsa ya fi ƙarfin bokona, amma na ga hotonka a bayansa, ka yi kumatu kamar mai sayar da mai. Na ɗora shi a kabad, duk wadda za ta taɓa sai ta wanke hannu.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Matarka Rahama ta gaya mini a waya cewa tun da Baffanka Mahaman ya kira ka ya yi maka faɗa, kake tunanin barin shirinka na siyasa. Na san abin da ya ce: wai ka katse dattijo mai furfura a rediyo duk unguwa na ji, ka ce masa bai amsa tambayarka ba, wai ba haka aka rene ka ba.

To, saurara. Satin da ya wuce wani ɗan takarar depite, wato ɗan majalisa, ya zo neman ƙuri'a, aka shimfiɗa masa tabarmi a ƙofar shagon baffanka a Titin Koudoukou. Ka san kwatar nan da ta toshe, wadda duk damina take turo ruwa cikin shagon ya jiƙa buhunan shinkafa. Baffanka ya sha babbar riga, ya miƙe, ya yi gaisuwa har da ta iyali, sannan cikin ladabi ya tambaya yaushe za a gyara ta. Mutumin ya gode masa, ya yabi 'yan kasuwa, ya yabi kakanninmu, ya koma zancen zaman lafiya da maƙwabtanmu mutanen unguwar Miskine, yana yi da yaren Sango yana yi da Faransanci har shayi ya huce. Mu mata muna leƙe daga gefe. Na ga wuyan baffanka yana kumbura. Can sai ya tare shi a tsakiyar magana, da muryarka sak, ya ce ransa ya daɗe, shi fa kwata ya tambaya kuma ba a amsa masa ba. Mutumin ya sake kewayawa, baffanka ya sake tare shi. Alhali ɗan takarar ya girme shi, har sanda yake dogarawa. Wuri ya ɗauki tafi, masu babur suna ta danna oda. Kwatar dai tana nan, amma sai da ɗan takarar ya faɗi watan da za a fara aiki a gaban jama'a.

Da baffanka ya shigo cin abinci, na tambaye shi a gidan wa aka rene shi. Ya ce tasa daban ce, shi shinkafa ke ruɓe masa. Na ce masa ai kai ma Zayyad, waɗanda kake tambaya dominsu akwai abin da ke ruɓe musu. Ya sunkuya ya ci tuwonsa.

Ba zai kira ka ya ba ka haƙuri ba, ka san halinsa, kada ka jira. Amma jiya ya ce in ce maka ka aiko da littafin kwali guda, zai jera a shago inda kowa zai gani. Ban-haƙurinsa ke nan, ka karɓa. Kada ka bar shirin nan, Zayyad. Ka gaida 'yan siyasar da kyau, ka tambayi iyalinsu, sannan ka matse su.

Ka gaida Rahama, ka ce ta rage maka miya. Ka shafa mini kan Hamza da Khairiyya. Sharifa da mijinta Umaru suna gaishe ka, haka ma baffan naka, ko da yake ya ce kada in rubuta. Allah ya yi maka albarka, ya sada mu da alheri.

Kakarka da ka bari ba kuɗin cefane,
Hajiya Ruƙayyatu