Wuƙar Ƙarshe ta Arzika Maƙeri

Argungu,
6 ga Oktoba, 1984.

Zuwa ga ƙanena Sama'ila,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da Sadatu. Mu nan sai godiya. Baba yana nan yadda ka bar shi, hannun dama ba ya motsi, amma bakin ya ɗan saki, har ya koma yi wa mutane faɗa.

Ga ƙunshi nan na ba Hammadu direba. Wuƙar nan ce mai naɗewa, ta ƙarshe da Baba ya ƙera kafin ɓarin jikinsa ya shanye. Ya ji a rediyo za a yi baje kolin sana'o'in hannu a Birnin Kebbi, kai kuma ka yi suɓul da baka ka gaya masa kai ne akawun kwamitin. To ka jawo wa kanka, mu ma ka jawo mana, don tun ranar ba mu huta ba. Cewa ya yi a sa ta a teburin kayan gargajiya, a rubuta a takarda a ajiye kusa da ita: Arzika Maƙeri, Argungu. Ba ya neman kyauta. Sunan kawai yake so mutane su karanta tun yana da rai.

Ka riƙe ta da kyau. Wata biyu ya yi yana bin ta da magagari da yashi da toka, sai da ya ga babu sawun guduma ko ɗaya a jikinta. Ka san burinsa ke nan tun muna yara, ya yi wadda ba za a bambanta ta da ta kanti ba.

Ka gaida mutanen gida.

Yayarka,
Kulu.

Birnin Kebbi,
15 ga Oktoba, 1984.

Zuwa ga Yaya Kulu,

Bayan gaisuwa da girmamawa, saƙo ya iso lafiya. Allah ya ƙara wa Baba sauƙi, amin.

Yaya, an samu ɗan cikas. Fom ɗin shiga gurbi biyu gare shi, na gargajiya da na zamani. Ni na buga shi a tafireta, ban taɓa tunanin zai dawo kaina ba. Na cike na gargajiya, na miƙa wuƙar ranar zaman kwamiti.

Shugabanmu, Malam Ummaru Illo, ya buɗe ta, ya rufe, ya ji ƙarar da ta yi. Sai ya ce, "Wagga wuƙar Turawa ta. Wuƙar Hausa kube gare ta, ba ta naɗewa." Wani ya ce ai ƙotar ƙahon bijimi ce, aikin gida ne. Wani ya ce amma ƙarfen da ke riƙe ta sifirin mota ne, ƙusar kuma wayar ƙafar keke. Aka ce in kai ta teburin zamani.

Mai kula da wancan teburin ya juya ta ya ce ba tasa ba ce. Wai ta zamani inji ke yin ta, tana da tambarin kamfani, kuma akwai wadda da hannu ɗaya ake danna ta ta buɗe. Wannan kuwa sai ka riƙe da hannu ɗaya, ka sa farcen ɗayan ka jawo, irin na da.

Ni akawu ne, ba a tambayar ra'ayina. Ina zaune ina rubuta abin da ake faɗa a kan aikin mahaifina. Za a sake zama mako mai zuwa. Don Allah kada ki gaya masa tukuna.

Ƙanenki,
Sama'ila.

Argungu,
18 ga Oktoba, 1984.

Sama'ila,

Sallama. Gaisuwar ta tsaya nan, raina a ɓace yake.

Ka tashi ka gaya musu, tunda su ba su sani ba. Kakanmu Hodi ya ga irin wuƙar a hannun wani soja da ya dawo daga yaƙin Bama. Ya lura masunta na shan wuya: kuben fata ruɓewa yake a ruwa, wuƙa tsirara kuma ta yaga homar kamun kifi, ta yanki cinya. Shi ne ya zauna ya yi ta ɓata ƙarfe har ya samo mai naɗewa. Shekara kusan arba'in ke nan. Daga nan har Augie, ka tare duk masuncin da ka ga dama ka laluba ƙugunsa, za ka same ta. ’Yar Hodi suke kiranta. Shekara nawa abu zai yi a hannun mutane kafin Malam Ummaru ya yarda nasu ne?

Su masu kuben da aka karɓa, da wane ƙarfe aka yi su? Wa ke narka tama yanzu? Duk daga mushen mota ɗaya ake yankowa. Hular da ke kan shugaban naku ma da zaren kanti aka ɗinka ta.

Kullum da safe in na kai wa Baba kunu sai ya ce, "Mi sunka ce?" In ce ba su zauna ba. Ni da nake tsaye gaban ’yan aji ina hana su ƙarya, ga ni ina yi wa ubana ita kowace safiya. Na gaji, Sama'ila. Ba ni da ikon komai daga nan sai wannan biro.

Kulu.

Birnin Kebbi,
25 ga Oktoba, 1984.

Yaya Kulu,

Bayan gaisuwa. Na yi abin da kika ce. Na nemi izini na miƙe na faɗi labarin Kaka Hodi, ban da maganar hula. Wani dattijo a cikinsu, ɗan masunta ne, ya ce shi ma ya san ’yar Hodi, mahaifinsa da ita ya rasu a ƙugu. Wallahi har na fara murna. Aka yarda mai naɗewa za ta iya zama ta gargajiya.

Sai dattijon nan ya karɓi tamu ya kai ta bakin taga. Ya daɗe yana dubawa, ya ce wadda ya sani sawun guduma gare ta, baƙa ce, haɗinta da ɗan girgiɗi. Wannan sumul take, ko gashi ba zai shiga tsakanin ruwanta da ƙotar ba. Hannu ba ya yin haka. Aka tsaya a kan cewa ta kamfani ce aka goge tambarin aka sa mata ƙaho. Ba wanda ya ambaci ƙarya, amma duk sun kalle ni.

Na ce a kira masunta su yi shaida. Aka ce su tsofaffin suka sani, ba wannan ba. Na kai ta wurin maƙeran kasuwa, suka ce su dai ba za su iya yin irinta ba, don haka ba su rantsewa. Sharaɗi ɗaya aka bayar: maƙerin ya zo ya ƙera irinta a gabansu kafin Asabar.

Yaya, ranar da Baba ya karɓe zugazugi daga hannuna ya ce in tafi makaranta, murna na yi. Yau da na iya ko rabin aikinsa da na tuɓe riga na yi musu. Ko ƙusa ban iya miƙewa ba. Wuƙar tana cikin durowata, takardar sunansa da na riga na buga tana ƙarƙashinta. Ban san abin yi ba.

Ƙanenki,
Sama'ila.

Argungu,
27 ga Oktoba, 1984.

Ƙanena,

Assalamu alaikum. Na gaya masa.

Ya ce, "Cewa sunka yi ta kamfani ta?" Na ce e. Sai da ya sa na maimaita sau uku, yana dariya da rabin bakinsa. Daga nan ya ce a kai shi maƙera ya yi musu wata. Na hana, ya ƙi. Maƙwabta suka ɗauke shi suka zaunar da shi gaban uwar maƙera, na sa masa guduma a hannun dama, na naɗe yatsunsa a kanta. Ina saki ta faɗi. Bai ce a sake gwadawa ba.

Yanzu wuƙarsa yake so. Ka ba Hammadu ita gobe, tare da takardar sunan. Ka aiko da ita a buɗe, ka naɗe kaifin da tsumma. Hannu biyu take so kafin ta buɗe, shi kuma ba zai roƙe ni ba.

Allah ya sada mu da alheri.

Yayarka,
Kulu.