Ambulan ɗin Rakiya

Litinin, 3 ga Maris

Kai da ka ɗaga katifata ka zaro littafin nan, tun da dai ka iya karatu, ba ni amsa: ka taɓa ganin ɗan kasuwar da ke yanka farashin da ya san ba za a saya ba, a ƙi saya, ya dawo gida yana fito? Ni na gani. Gida ɗaya muke kwana. Yayana ne.

Baba ya rasu ya bar mana gireda ɗaya ta share hanya, rola ɗaya ta danne ta, tifa mai tari kamar tsoho, da sunan kamfani a jikin allon da rana ta cinye. Yaya ke riƙe da komai. Hayar injunan muke ba Mai Kwalta, mutumin da ke da injin dafa kwalta kaɗai a duk yankin nan, da wannan hayar ake cefane a gidanmu. Ni aikina takardu. A aji uku na bar makaranta, amma dokar ba da kwangila ta jiha na karance ta kaf, da ƙamus a cinyata, a bencin mai tsofaffin littattafai. Masu digirin ma'aikatar ayyuka na tabbata rabinsu ba su wuce bangonta ba.

Ga abin da na gano. In titin cikin gari ne, akwatin ma'aikata cika yake da ambulan ɗin masu neman kwangila har a danna da hannu. Amma ƙananan ayyukan nesa, kwalbati, gyaran gefen hanya, facin kwalta, kullum mutum uku ne ke nema. Uku! Kuma sau da yawa muna cikin ukun. Ba mu taɓa ci ba ko sau ɗaya. Wannan ba rashin sa'a ba ne, sakarci ne.

Laraba, 5 ga Maris

Yaya ya kawo takardun wani aiki: kwalbati biyu da shimfiɗa kwalta a hanyar da ta bi bayan gadar jirgi. Ya rubuto farashi a jikin kwalin batir ya ajiye mini. Na hau babur na je wurin da kaina, na auna, na tambayi kuɗin tsakuwa da siminti. Farashin Yaya ya isa a yi aikin a kuma yi wa hanyar rufi.

Na faɗa masa. Ko kallona bai yi ba, yana goge hannu da tsumma.

"Auta, rubuta abin da na ba ka."

Na ce da wannan ko makaho ba zai ba mu aiki ba.

"Na ce ka yi mini karatu ne? Rubuta."

Asabar, 8 ga Maris

Na rubuta farashina, ba na Yaya ba. Na liƙe, na kai, na jefa a akwati jiya. Masinjan ma'aikatar, mai tsokanata da Lauya saboda karatun doka, ya ce, "Lauya, yau sauri kake." Na ce masa ya kula da ƙofarsa.

Alhamis, 13 ga Maris

Ban san ta inda zan fara ba.

Yau aka buɗe akwati. Zauren ma'aikata, fanka ɗaya na juyi ɗaya ta mutu, shugaban kwamiti da almakashi. Ya karanta na Mai Kwalta. Ya karanta na wani kamfani da ban taɓa ganin ko baronsa ba. Ya yanka namu, ya fara karantawa, ya tsaya, ya cire tabarau ya goge ya mayar. Sannan ya karanta. Mu ne mafi ƙasa, da nisa.

Na ɗauka za a yi 'yar hayaniya. Ba wanda ya ko yi tari. Wakilin Mai Kwalta ya juyo ya dubi Yaya, ya yi murmushi, ya fita yana danna waya. Yaya kuwa fuskarsa ta zama kamar ranar da aka fito da gawar Baba daga asibiti.

Sai da muka shiga garejinmu ya rufe ƙofa ya yi magana. Bai daka mini tsawa ba, da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce doka ta ce in ambulan bai kai uku ba a soke a sake talla, ko ban karanta wannan ba? Na karanta. To mu rakiya muke yi. Manyan sun raba ayyukan nesa a tsakaninsu, bi da bi, wanda layi ya zo kansa shi ke aiko wa sauran biyun farashin da za su rubuta. Wannan karon layin Mai Kwalta ne. Ladan rakiyarmu shi ne injunanmu ba sa zama.

Na ce sata ce wannan.

"Da ita aka saya maka ƙamus ɗin," in ji shi. "Baba ma haka ya yi."

Wato abin da na ɗauka filin da ba kowa ne, ashe an kewaye shi tun kafin a haife ni. Ni ne kawai ban ga shingen ba.

Juma'a, 14 ga Maris

Wayar Yaya ba ta yi ƙara ba yau. Yana ta dubawa ko ta mutu.

Lahadi, 16 ga Maris

An dawo da giredarmu da rolarmu daga wurin aikin Mai Kwalta, a bayan babbar mota. An wanke su tas. An cika musu tanki. Direban ya sauke, ya ce a gai da Umma, ya tafi.

Dogo, mai tuƙa mana gireda tun zamanin Baba, ya zagaya ta yana riƙe da haɓa. "Shekara nawa ina kanta, yau na san ashe ruwan ɗorawa ce." Ya yi dariya shi kaɗai. Can ya ce, "Lauya, in mutum ya dawo maka da kaya a wanke, ba ya son ku sake haɗuwa ke nan."

Da zagina aka aiko da na san abin da zan mayar. Me zan ce wa tankin da aka cika?

Laraba, 19 ga Maris

Na ce wa Yaya to mu yi aikin mana, tun da mun ci. Ya miƙo mini makullin babur ya ce je ka samo tsakuwa.

Mai fasa dutse yana zaune, tulin tsakuwa a bayansa ya fi gidanmu tsayi. Ya ce babu. Na nuna masa da yatsa. Ya waiga ya duba kamar yau ya fara ganinta, ya ce an saye. Na ce wa ya saya? Ya ce, "Ka gai da yayanka." Mai siminti haka. Kwalta kuwa ba sai na je ba.

Na zauna gefen hanya na sake bin dokar a kaina. In aka ba mu muka kasa, banki ya ɗauke injunan, don su Yaya ya jinginar kafin a ba mu takardar lamunin da ake haɗawa da takardar neman aiki. In muka janye da kanmu, a cinye lamunin a kuma soke sunan kamfani. Duk ƙofar da na taɓa, injunan Baba ne a bayanta. Ni da hannuna.

Na hau babur na dawo gida hannu rabbana.

Asabar, 22 ga Maris

Ya zo gidanmu. Mai Kwalta da kansa.

Ɗan ƙaramin mutum ne, muryarsa ƙasa-ƙasa, ya cire takalmi tun daga ƙofa. Ya zo duba ƙafar Umma ne, wai ya ji tana ciwo. Wa ya faɗa masa? Ya kawo lemo da ayaba. Ya zauna yana ba ta labarin yadda shi da Baba suka taɓa kwana a cikin tifa ruwa ya tare su, har Umma ta yi dariya, har ta share hawaye. Yaya na durƙushe a gefe kamar mai jiran hukunci.

Da zai tashi ya dube ni. "Wannan ne mai karatun?"

Duk maganganun da na tara kwana da kwanaki, masu zafi, da lambar sashe da komai, suka gudu. Na ji bakina yana cewa, "Ni ne, ranka ya daɗe."

"Madalla, ɗana. Mai littattafan nan na bakin tasha ya ce ba ka fashi. Ka ci gaba, karatu abu ne mai kyau."

Ya san bencin da nake zama. Bai ambaci kwangila ba ko da kalma ɗaya. Bayan tafiyarsa Umma ta ce mutumin kirki ne, mu riƙe shi. Ba ta san komai ba. Ban iya cin ayabar ba.

Litinin, 24 ga Maris

An aiko da hanyar fita daga wajen Mai Kwalta. Akwai sashen da ya ce in farashi ya yi ƙasa da yawa, kwamiti ya kira mai shi ya yi bayani, in kuskure ne a ajiye takardarsa gefe ba tare da hukunci ba. Na san sashen, ni na ja masa layi da jan biro. Abin da ake so: in tsaya gaban kwamiti in ce na manta ban saka kuɗin kwalta ba.

Na saka! Shafi na huɗu, layi na biyu, har da kuɗin dako.

Na ce wa Yaya gara a yanke mini harshe. Na ce zan kai ƙara, zan je gidan rediyo, zan rubuta wa duk wanda ke da adireshi. Ya bar ni na gama. Sannan ya ce Dogo ya zo ɗazu yana tambaya ko ya fara neman wani wuri, 'ya'yansa biyar. Ya ce shi ma Yaya matarsa ta kusa haihuwa, na sani. Sai ya kama hannuna, abin da bai taɓa yi ba tun ina yaro.

"Auta, ban taɓa roƙonka komai ba."

Na fizge na fita. Na yi ta yawo. Duk farar mota irin ta Mai Kwalta da ta rage gudu kusa da ni sai gabana ya faɗi.

Alhamis, 27 ga Maris

Na faɗa musu na manta.

Mutum biyar a bayan tebur. Takardata a buɗe gaban injiniyan kwamitin, a shafi na huɗu. Na ga idonsa ya sauka kan layin kwaltar. Ya ɗauki wayarsa ya ɗora a kai.

Shugaban ya ce, "Wace makaranta ka gama, samari?" Na ce ban gama ba. Ya ce, "Af, to ai shi ke nan," aka yi dariya, har da mai kawo shayi. Ya ce wa Yaya nan gaba ya nemi wanda ya san aiki. Yaya ya ce in Allah ya so, ranka ya daɗe, yaro ne.

A hanya ya saya mini ruwan sanyi. Na riƙe har ya huce.

Talata, 1 ga Afrilu

An zo an ɗauki gireda. Dogo ya bi ta yana waƙa. Rola an bar ta a nan, wai sai an ga hali. Direban ya ce Alhaji Mai Kwalta na son ganina. Ni kaɗai.

Talata, 8 ga Afrilu

Na je tun makon jiya. Ofishinsa a bene yake, sanyi kamar cikin randa. Takardata na kan teburinsa, wadda ya kamata a ce tana kulle a ma'aikata. Ya ce tun da yake harkar nan bai ga lissafi mai tsabta irin wannan ba, ko kuɗin dako ban manta ba. Allah ya sani na ji wani abu a ƙirjina. Ba wanda ya taɓa faɗa mini haka. Haushi ne, ina jin. Haushi ne.

Ya ce akawunansa ragwaye ne. In za su cika takardun rakiya kwafa suke, kuskuren da ke cikin ɗaya shi ke cikin ukun, masu bincike daga sama sun fara ɗaga gira. Yana son mai kai. Rolar ma, in ji shi, bai kamata ta yi ta zama tana tsatsa ba.

Na karɓi aikin. Na wata ɗaya ne kawai, kafin matar Yaya ta sauka. Kuma daga ciki mutum ya fi ganin yadda abin yake, in ranar tonawa ta zo.

Na gama ukun jiya, na wani aikin magudanar ruwa. Na ɗaya na yi shi da taƙama. Na biyu na sa masa kuskuren tarawa irin na mai gaggawa. Na uku na rubuta shi kamar tsohon da ke tsoron kwamfuta, har tambarinsa na karkatar. Ba mai cewa uwa ɗaya ta haife su. Na jera su ina kallo, na daɗe. Kujerar da aka ba ni a ofishin tana juyawa, ba laifi. Ban koma bencin mai littattafai ba, aiki ya yi yawa.

Da safe rola ta tafi. Umma ta sa mini albarka.

Jibi za a buɗe akwati, an ce in zauna a layin gaba kusa da wakilin Mai Kwalta. To kai shugaban kwamiti, mai almakashi, mai tambayar makarantar da mutum ya gama: in ka yanka ukun nan, kada ka goge tabarau. Ka miƙe tsaye a gaban zauren, ka ɗaga su sama, ka faɗa wa jama'a hannu nawa ne ya rubuta su. Ka sani sarai. Ka faɗa da ƙarfi yadda na bayan zaure zai ji, don ni in ka dube ni, ƙasa zan duba.